Louis Cartier: Mutumin da ya lanƙwasa agogo domin ya kwanta a wuyan hannu

A yau babu wanda zai waiwaya don ya ga namiji ɗaure da agogo a hannu. Amma shekara 120 da suka wuce, a manyan biranen Turai, hakan abin dariya ne. Agogon namiji a aljihun falmaran yake zama tare da ƴar sarƙarsa, na hannu kuwa ana ɗaukar sa a matsayin awarwaron mata da aka maƙala wa lokaci. Cikin waɗanda suka juya wannan al'ada akwai Louis Cartier, Bafaranshe ɗan gidan maƙeran zinariya, wanda ya rayu daga 1875 zuwa 1942.

Shi dai ba maƙerin agogo ba ne. Bai ƙirƙiro inji ba, kuma ba shi ne ya fara ɗaura agogo a hannu ba. Abin da ya yi shi ne, maimakon ya ɗauko agogon aljihu ya nema masa maɗauri kamar yadda wasu ke yi, sai ya fara duba wuyan hannun mutum, sannan ya sa aka zana agogon da zai kwanta a kansa. Siffofin da suka fito daga wannan tunani suna nan har gobe: na asali a shagunan Paris da Dubai, kwaikwayonsu kuma a teburan ƴan tireda na kasuwanninmu.

Gidan da ya taso

An haifi Louis Joseph Cartier ranar 6 ga watan Yuni na 1875 a birnin Paris. Kakansa, Louis-François Cartier, yaron shago ne da ya koyi sana'a a hannun wani maƙerin kayan ado mai suna Adolphe Picard, kafin ya karɓi shagon maigidan nasa a 1847. Sannu a hankali sunansa ya kai fada, har Gimbiya Mathilde, ƴar dangin Sarki Napoléon na 3, ta zama abokiyar cinikinsa. A 1874 ɗansa Alfred ya karɓi ragamar gidan, shekara guda kafin haihuwar Louis.

Alfred ya haifi ƴaƴa maza uku: Louis, sai Pierre da aka haifa a 1878, sai autansu Jacques a 1884. Louis ya shiga harkar mahaifinsa a 1898, yana da shekara 23. A shekarar ce kuma ya auri Andrée-Caroline Worth, jikar Charles Frederick Worth, telan da ya fi kowa suna wajen ɗinka wa matan sarakuna da attajirai sutura a Paris. Auren ya haɗa gidaje biyu masu abokan ciniki iri ɗaya, domin matar da ta zo ɗinkin riga ita ce za ta nemi sarƙar da za ta dace da rigar.

A 1899 aka mayar da shagon lamba 13 a titin Rue de la Paix, cibiyar kayan alatu ta Paris, inda yake har yanzu. Daga nan ƴan'uwan suka raba duniya a tsakaninsu. An buɗe reshen Landan a 1902, wanda daga baya ya koma hannun Jacques. Pierre ya buɗe na New York a 1909, kuma a 1917 ya mallaki wani katafaren gida a titin Fifth Avenue ta hanyar musanya shi da sarƙar lu'ulu'un teku mai layi biyu da aka yi wa kuɗi dala miliyan 1. Louis ya zauna a Paris, inda ake zane da ƙira. A 1904 Sarki Edward na 7 na Ingila ya ba gidan takardar zama maƙerin fadarsa.

Tun farkon shigarsa Louis ya nuna inda hankalinsa ya karkata. Ya rungumi filatinam, wani farin ƙarfe mai daraja da ke da wuyar sarrafawa amma ya fi azurfa ƙarfi nesa ba kusa ba. Da shi ake iya riƙe duwatsun daimon da siririn zare, kambi ko sarƙa su yi sauƙi a jiki, mace ta wuni da su ba tare da wuyanta ya ƙage ba. Wannan damuwa da jin daɗin wanda zai sa abu ita ce daga baya ta bi shi zuwa ga agogo.

Abokin da ke shawagi a sama

A farkon ƙarni na 20, babu wanda Paris ke magana a kansa kamar Alberto Santos-Dumont, ɗan wani hamshaƙin manomin kofi daga Burazil, wanda ya tare a Faransa yana ƙera jiragen balan-balan masu inji. Ranar 19 ga Oktoba na 1901 ya tashi daga unguwar Saint-Cloud, ya zagayo hasumiyar Eiffel ya dawo, tafiyar kusan kilomita 11 da aka gindaya sai an yi ta cikin minti 30. Ya lashe kyautar Deutsch ta faran 100,000, ya raba kuɗin tsakanin ma'aikatansa da matalautan birnin.

A gasa irin wannan, daƙiƙa ɗaya tana iya hana mutum kyauta. Ga shi kuma matuƙin yana tsaye cikin ɗan kwando, hannu ɗaya a kan abin tuƙi, ɗayan a kan igiyoyi. Kafin ya saki abin da yake riƙe da shi, ya laluba aljihu, ya zaro agogo, ya buɗe murfi, iska ta riga ta yi gaba da shi. Kamar yadda tarihin kamfanin ya nuna, wannan matsala ce Santos-Dumont ya kai wa abokinsa Louis Cartier, shi kuma a 1904 ya miƙa masa agogon da zai duba ba tare da ya saki komai ba.

Agogon hannu ya girmi wannan rana. Breguet ya karɓi odar yi wa Caroline Murat, sarauniyar Naples, irinsa a 1810, kamfanin Patek Philippe kuma ya yi wa wata basarakiyar Hangari a 1868. Sojoji ma sun riƙa ɗaura agogon aljihu a hannu cikin kube na fata. Sai dai waɗancan ko dai kayan adon mata ne, ko kuma agogon aljihu ne da aka yi wa dabara: kewayayye, mai kauri, an liƙa masa ƴar waya sama da ƙasa don a zura maɗauri.

Na Santos-Dumont daban yake. Kusurwa huɗu gare shi, an goge kaifin kusurwoyin don kada su soki fata ko su kama hannun riga. Kunnuwan da ke riƙe maɗauri ba liƙa su aka yi ba, daga jikin gidan agogon suka fito suka gangara zuwa hannu. An bar ƙananan sukurorin da ke riƙe da gilashin a fili, an rubuta manyan lambobin Rumawa baƙaƙe a kan farar fuska don a gani da kallo ɗaya. Maɗaurin kuma na fata ne, ba sarƙar ado ba. Santos-Dumont ya ci gaba da jan hankalin duniya, musamman ranar 12 ga Nuwamba na 1906 da ya yi tafiyar mita 220 a sama da jirginsa mai fukafukai 14-bis. A 1911 aka fara sayar wa jama'a agogon da sunan Santos. Tun da jarumin da kowa ke sha'awa yana ɗaura shi, bakin masu cewa kayan mata ne ya fara mutuwa.

Wuyan hannu ba faranti ba ne

Duk wanda ya dubi wuyan hannunsa zai ga ba shimfiɗaɗɗe ba ne, kuma ba kewayayye ba ne sosai. Samansa yana da ɗan faɗi, gefunansa suna gangarawa, ga kuma ƙashin nan da ya turo ta wajen ƙaramin yatsa. Idan aka ɗora masa abu mai shimfiɗaɗɗen baya, tsakiya ce kawai za ta taɓa fata, bakunan biyu su tsaya a iska. Shi ya sa agogo yake juyawa, yake karo da ƙofa, ko mai shi ya matse maɗauri har ya bar masa shaida.

Amsar farko da Louis ya bayar ita ce agogon Tonneau na 1906. Sunan na nufin ganga, saboda tsakiyarsa ta kumbura, sama da ƙasa suka tsuke. Abin da ya fi muhimmanci shi ne an lanƙwasa jikinsa daga sama zuwa ƙasa yadda zai bi gangaren hannu. A 1912 aka fitar da Tortue, wato kunkuru, mai kama da ƙoƙon bayan wannan dabba.

Zane abu ne mai sauƙi a takarda, amma agogo sai da inji, kuma injinan zamanin masu kauri ne, an yi su ne don aljihu. A nan ne Hausawa ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Louis ya sami abokin aiki, Edmond Jaeger, gwanin agogo da ke Paris wanda ya damu da sirantar da inji. Jaeger kuma ya haɗa kai da Jacques-David LeCoultre, mai masana'anta a garin Le Sentier na ƙasar Suwizalan, wanda a 1907 ya fitar da injin da kaurinsa bai wuce milimita 1.38 ba. A wannan shekarar ce Cartier ya ƙulla yarjejeniya da Jaeger don ya riƙa samar wa gidan injina. Haɗin gwiwar mutanen biyu shi ne ya zama kamfanin Jaeger-LeCoultre a 1937.

Daga wannan ƙawance aka sami wani ɗan ƙaramin abu da miliyoyin mutane ke amfani da shi ba tare da sanin asalinsa ba: maƙallin maɗauri mai naɗewa, wanda aka yi wa rajista a 1910. Kafin shi, sai an zura fata a ƙugiya kamar bel, ramukan su yi ta buɗewa, wata rana kuma agogon ya suɓuce ya faɗi yayin ɗaurawa. Sabon maƙallin yana buɗewa ne kamar ƙyaure, hannu ya shige, a mayar a danna. Maɗaurin ba ya rabuwa biyu, ƙarfen kuma an lanƙwasa shi ya bi cikin hannu.

Daga fagen daga zuwa shago

Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, shi ne ya ƙarasa abin da Santos-Dumont ya faro. Hafsan da ke cikin rami yana jiran minti na kai hari ba shi da sararin laluben aljihu. Miliyoyin maza suka dawo gida sun saba da agogo a hannu.

A cikin wannan yaƙi ne, a 1917, Louis ya tsara agogon da ya fi kowanne ɗaukaka sunansa, wato Tank. Labarin da ya shahara shi ne cewa ya ɗauko siffar daga tankar yaƙi ta Renault idan aka hange ta daga sama: akwati a tsakiya, dogayen sarƙoƙin tafiya biyu a gefe. A agogon, sanduna biyu miƙaƙƙu suka zama gefunan gidan, suka zarce sama da ƙasa suka zama kunnuwan da maɗauri ke shiga tsakaninsu. Ta haka faɗin maɗauri ya yi daidai da faɗin fuska, ido ya ga layi ɗaya ya zagaye hannu babu yankewa. Matsalar haɗa agogo da maɗaurinsa, wadda ta daɗe tana ba maƙera wahala, ta warware ke nan. A gefe kuma aka ɗora shuɗin dutsen safir a kan ɗan maɓallin da ake murzawa, abin da ya zama tambarin gidan.

Tarihin kamfanin ya nuna an ba Janar John Pershing, kwamandan sojojin Amurka a Turai, ɗaya daga cikin na farko. An fara sayarwa a 1919, kuma guda 6 kacal aka ƙera a wannan shekara.

A 1921 aka kai tunanin ƙarshensa da Tank Cintrée, ma'ana lanƙwasasshe. Dogo ne siriri, tsawonsa ya haura milimita 40, faɗinsa kusan rabin haka, an tanƙwara shi kamar baka yadda zai rungume hannu daga gefe zuwa gefe. Aikin ba ƙarami ba ne, domin gilashi da fuska duk sai sun bi lanƙwasar, alhali injin shimfiɗaɗɗe ne. Sai da aka sami siririn injin Jaeger da zai ɓuya a tsakiyar bakan kafin abin ya yiwu. A 1922 aka fitar da Tank Louis Cartier mai tausasan gefuna, wanda ya ɗauki sunan mai gidan. A 1936 kuma aka zo da wani samfurin da aka karkatar da fuskarsa, don a karanta lokaci ba sai an juyo hannu sosai ba.

Ba Cartier kaɗai ke wannan nema ba. Kamfanin Movado ya fitar da Polyplan a 1912, wanda aka karya injinsa gida uku don ya shiga lanƙwasasshen gida. Kamfanin Gruen na Amurka ya kawo Curvex a 1935 da injin da shi kansa a lanƙwashe yake. Ta fuskar inji waɗannan sun yi abin a yaba, amma siffofin Cartier ne suka daɗe a kasuwa, har ana ci gaba da ƙera su bayan shekara 100.

Idon da ya kalli gabas

Masu nazarin ayyukansa suna danganta son da yake yi wa miƙaƙƙun layuka da kusurwoyi da abin da ya gani a fasahar ƙasashen Musulmi. A 1903 an yi babban baje kolin fasahar Musulunci a Paris, aka sake yin wani a birnin Munich na Jamus a 1910. Louis ya shiga tara littattafan hannu da zane-zanen Farisa da Indiya, da kayan da aka yi wa ado da zayyana, kuma ya buɗe wa masu zanen gidansa ɗakin karatunsa don su yi nazari. Ƙaninsa Jacques ya je Indiya a 1911, ya kuma ziyarci Baharain neman lu'ulu'un teku. A 2021 gidan tarihin kayan ado na Paris ya shirya baje koli na musamman kan wannan alaƙa tsakanin Cartier da fasahar Musulunci.

Louis ya kuma iya zaɓen mutane. Shi ya ɗauko mai zane Charles Jacqueau, ya ba matashin gwanin agogo Maurice Couët dama ya ƙera agogunan tebur da hannuwansu ke yawo cikin garau ɗin dutse ba a ganin abin da ke juya su, na farkonsu a 1912. A 1933 ya damƙa sashen manyan kayan ado a hannun wata mace, Jeanne Toussaint, a zamanin da ba a saba ganin mata a irin wannan muƙami ba. Ita ce ta mayar da damisa alamar gidan.

Ƙarshen tafiya

Rayuwarsa ta gida ba ta yi daidai da nasarar kasuwancinsa ba. Aurensa na fari, wanda aka sami ƴa mace Anne-Marie, ya mutu a 1909. A 1924 ya auri Jacqueline Almásy, ƴar gidan sarautar Hangari, suka haifi ɗa namiji, Claude, a 1925, shekarar da mahaifinsa Alfred ya rasu. Daga nan ya riƙa raba zamansa tsakanin Paris da Budapest.

Karyewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta rage masu sayen kayan alatu, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Jamusawa suka mamaye Paris a 1940. Louis, wanda lafiya ta riga ta yi masa ƙaranci, ya ƙaura zuwa Amurka. Jacques ya rasu a 1941. Shi kuma Louis ya cika a New York ranar 23 ga Yuli na 1942, yana da shekara 67, nesa da titin da ya yi wa hidima fiye da shekara 40. Ranar ta zo daidai da cikar shekara 10 da mutuwar Santos-Dumont, wanda ya rasu ranar 23 ga Yuli na 1932 a garin Guarujá na Burazil, bayan doguwar jinya da baƙin cikin ganin an mayar da jirgin sama makamin yaƙi.

Abin da ya rage bayansa

Ƙarfin gidan Cartier ya dogara ne ga zumuncin ƴan'uwa uku, kowa da birninsa amma bakinsu ɗaya. Da suka kau, ƴaƴansu ba su iya riƙe wannan igiya ba. Claude ya sayar da reshen New York a 1962, shekara 20 bayan rasuwar mahaifinsa. Pierre ya rasu a 1964, reshen Paris ya fita daga hannun dangi ba da jimawa ba. Na Landan, wanda Jean-Jacques ɗan Jacques ke riƙe da shi, kuma inda aka ƙera agogon Crash mai murɗaɗɗiyar siffa a 1967, shi ma an sayar da shi a 1974. A yau sunan yana ƙarƙashin rukunin Richemont na Suwizalan, wanda attajirin Afirka ta Kudu Johann Rupert ya kafa a 1988.

Zanen dai bai bi dukiyar ya watse ba. Ɗan wasan fim Rudolph Valentino ya ɗaura Tank a fim ɗinsa na ƙarshe a 1926. Ɗan dambe Muhammad Ali ya ɗaura shi, haka ma Gimbiya Diana. Na Jacqueline Kennedy, matar tsohon shugaban Amurka, an yi gwanjonsa a New York a 2017 kan dala 379,500. Santos kuma ya sake farfaɗowa a 1978 da aka fitar da shi da ƙarfe haɗe da zinariya, a farashin da ya fi na zallar zinariya sauƙi.

Ga mai neman agogo a yau, ko mai tsada ko mai araha, gwajin da Louis Cartier ya bari bai canza ba. A ɗaura a duba ko bayansa ya kwanta a fata, ko kunnuwansa sun tsaya a iya faɗin hannu, ko yana shigewa ƙarƙashin hannun riga ba tare da ya maƙale ba, ko kuma ana iya lanƙwasa hannu ba ya dannar ƙashi. Masu sana'ar hannu kuwa, tela ne ko baduku ko maƙerin azurfa, darasin da ke cikin tarihinsa shi ne ya fara auna jikin mai sawa kafin ya taɓa ƙarfe, ya kuma nemo wanda ya fi shi sanin abin da bai sani ba ya haɗa kai da shi.